Sojan Biro da Ɗan Fari

A gidanmu ba wanda ya taɓa jin Baba ya kira sunan Yaya. Ɗan fari ne, Baba kuwa mutumin da ne, mai riƙon kunya. In yana nemansa sai ya ce, "Ku ce ma wancan shi zo." In suka haɗu a zaure, dole ɗaya ya tuna yana da wani aiki a waje. Inna ma ta fi shi, ko ido ba ta yarda su haɗa. Tun da aka yaye Yaya, Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, can ya girma. Mu da muka biyo baya mun sha gata, muna hawa cinyar Baba muna ja masa gemu, shi kuwa Yaya daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaisa.

Ƙauyenmu yana kan hanyar da ta tashi daga Kore Mairuwa ta nufi Geceme. A shekarar da nake ba da labari ina lise, wato makarantar sakandare, a Dogon Dutsi, ina zuwa gida ƙarshen mako. An gama girbi, an kai gero rumbu, samari sun fara ɗaure kaya za su cin rani. Yaya ma kowace shekara yana tafiya, wani lokaci Najeriya, wani lokaci Kwatano, kuma Baba bai taɓa cewa uffan ba. Amma a wannan karon ba cin rani za shi ba. Ya je Doso an gwada shi, an ɗauke shi soja. Tun yana yaro abin da yake so ke nan, ya taɓa nema bai samu ba, kuma shekarunsa sun kai inda in ya rasa wannan, shi ke nan.

Sai dai Yaya ya ce ba zai taka mota ba sai Baba ya sa masa albarka. A masallacin da yake zuwa da abokansa 'yan kasuwa an karantar da su cewa ba a fita fagen fama ba da yardar iyaye ba, shi kuma in ya riƙe magana ya riƙe ta. Tun da ba zai iya tunkarar Baba da bakinsa ba, sai ya aiki Kawu. Kawun nan taubashin Baba ne, ɗan wan Kaka, tsohon direban babbar mota wanda ya ajiye sitiyari amma bai ajiye surutu ba. Shi kaɗai ne a duniya yake iya kiran Baba ƙaramin manomi a gaban jama'a ya kwana lafiya.

Kawu ya isar da saƙo a gindin bishiyar ƙofar gida bayan la'asar. Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya rage muryar rediyo, ya tambaya, "Ƙarƙashin wa za a yi sojan?"

Shugaban ƙasa na lokacin daga soja ya fito, kuma ana ta ka-ce-na-ce a kan irin sojan da ya yi. Masu sonsa suna cewa ya sha daji, ya kwana cikin rami da ƙananan sojoji. Waɗanda ba sa yi da shi suna cewa iyakarsa biro, wato ofis. Ni har yau ban san gaskiyar ba, kuma na tabbata ba wanda ya sani a gindin bishiyar nan. Wannan bai hana kowa rantsuwa ba.

"Mutumen ga sojan biro na," in ji Baba. "Galon kahwaɗa nai bisa kujera yas same su. In ya taɓa jin warin albarushi, ni ban taɓa cin tuwo ba."

Kawu ya gyara zama. "Kai da ba ka taɓa wuce Doso ba, kai ka hwaɗa muna inda yat tahi? Cikin hamada ya yi shekaru. Wani da munka yi tuƙi tare, ƙanen matatai yag gan shi da ido nai."

"Ƙanen matar direba! To shi ke nan, an yanke shari'a."

Haka aka fara, kuma haka na riƙa tarar da su duk zuwan da na yi. Maƙwabta suka samu abin kallo, har masu tafiya kan babur suna tsayawa su jefa tasu. Wata rana Baba ya kafe a kan tabo. Ya ce wanda ya yi yaƙi ba ya rasa tabo, a nuna masa ko guda a jikin shugaban. Kaka tana daga cikin zaure tana ɓarar gyaɗa, sai ta ɗaga murya ta ce, "Wanda anka dahwa da kyau, halshashi ba ya kama shi. Wa ya sani ma ko nan Arewa anka kawo shi anka yi mai wankan magani?" Kawu, wanda ya bar harkar bori da layu tun da ya dawo daga Makka, ya dafe kai ya ce, "Gwaggo, na gode, amma ki bar taimako na haka." Kowa ya yi dariya, ban da Yaya da ke zaune can nesa yana gyaran igiyar jaki.

Ni abin ya daina ba ni dariya da wuri. Ranar tafiya tana matsowa, Yaya yana ramewa, su kuma dattawa biyu suna ta auna kakin mutumin da bai san da zamansu ba. Na ce bari in kashe maganar. Na samo wata kalanda a kasuwar Dutsi mai hoton shugaban yana saurayi, da kaki da bindiga, na kawo wa Baba ina jin kaina kamar alƙali. Ya karɓa, ya nisantar da ita daga idonsa, ya duba sama da ƙasa, ya miƙo mini. "Kaki ai ko tela ya iya sawa a ɗauke shi hoto," ya ce.

Raina ya ɓaci sosai. Na faɗa ɗakin Kaka ina huci, na ce Baba zai kashe wa ɗansa gaba saboda siyasa, alhali ko taron jam'iyya bai taɓa zuwa ba. Kaka ta bar ni na zazzage duka, sannan ta ce, "Ke da boko naki, kina tsammani zancen shugaba aka yi? Ubanki ya bar jaki shina bugun taiki. Tsoro shika ji. To ƙaƙa za shi buɗe baki shi ce shina tsoron a kashe mai ɗan hwari? Da wane suna za shi hwaɗi?"

Ban taɓa kawo wa raina cewa Baba yana jin tsoron wani abu ba. Sai a lokacin na lura cewa duk zagin da yake wa shugaban a wuri ɗaya yake ƙarewa: wanda bai san daji ba, ba ya jin ciwon tura 'ya'yan mutane cikinsa. Tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin kalandar da na saya.

Kaka ba ta yi wa Baba maganar soja ba. Ana gobe tafiya ta kira shi ta ce buhunan wakenta suna neman yin ƙwari, tana son a kai mata su Kore Mairuwa da safe, kuma shi take so ya kai da kansa, don yaran yanzu ba su iya ciniki ba. Ta kira Yaya ta ce ya ɗaure kayansa ya bi Kawu tashar Kore Mairuwa. Ya ce zai je don ita ta ce, amma ba zai shiga mota ba. Ta ce ita tasha kawai ta ambata.

Da hantsi muka isa, ni da Baba a kan amalanke, jaki yana jan mu da wake. Motar Doso tana tsaye a bakin kwalta, ta kusa cika. Yaya yana tsaye a gefenta da jakarsa a ƙasa, kansa sunkuye. Baba ya tsayar da jaki ɗan nesa da su, ya zauna a kan buhu ya ba motar baya, kamar waken nan ne kaɗai ya kawo shi. Direba ya danna oda.

Kawu ya tako ya tsaya a kansa. "To, sarkin gardama, ga mota za ta tashi. Sojan biro na can shina jiran soja nai."

Baba ya sunkuya. Ya ɗauki ƙwayar wake ɗaya da ta zubo, ya murza ta a tafin hannu. Direba ya sake danna oda, wata mata daga cikin mota ta ce in ba mai shiga ba ne a tafi. Sai Baba ya ɗago, ya dubi Kawu, ya yi magana da ƙarfin da ba na mutumin da ke tsaye a gabanka ba.

"Kai kac ce mutumen naku ya tahi daji ya komo babu tabo."

"Ni nac ce."

"To in haka na, ba wanka ba na. Uba nai yas sa mai albarka kahin shi tahi." Ya ajiye ƙwayar waken. "Ni kau uban wani bai hi ni ba. Wanda duk ka tahiya yau daga gidana, na yarda. Allah shi yi mai albarka. Allah shi kai shi lahiya, shi tsare gaba nai da baya nai, shi maido muna shi da ƙahwahu nai."

Kawu ya ɗaga hannu ya ce amin, kuma a karo na farko a rayuwata na ga bai ƙara komai a kai ba. Daga bayan Baba, can gefen mota, Yaya ya durƙusa har ƙasa ya shafa fuska. Ya ɗauki jakarsa ya shiga. Na ga yana share ido da hannun riga, ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba.

Baba bai waiwaya ba har ƙarar motar ta ɓace. Ya tashi ya kama sauke buhuna, ya ƙi yarda kowa ya taya shi. Waken ma a hannun wani ɗan kasuwa ya bar shi ba tare da ya tsaya ciniki ba, abin da Kaka ta daɗe tana yi masa gori a kai.

A hanyar komawa muka bar kwalta muka shiga rairayi. Yana kallon kunnuwan jaki ya ce, "Wayar ga taki, tana kai inda za a kai su?"

Na ce tana kaiwa, Baba.

"To ki dinga kai ta sharji," ya ce. "Kada ki bari ta mutu."