Ƙari Biyu daga Rugar Dangora

Har yau ranar da Sa'idu ya tsaya a ƙofar ɗakin tiyatarmu ya ce mun musanya naman iyayensa ba ta fita daga raina ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi ina aikin jinya, wannan zan ba ku.

A lokacin ina wani asibiti a yankin Kiru, ni ce babbar nas mai kula da ɗakin ƙananan tiyata. Likita ɗaya gare mu, Dakta Nasiru. Aikina in shirya mara lafiya, in tsaya kusa da likita in miƙa masa kayan aiki, sannan in kula da duk abin da aka ciro daga jikin mutum har ya bar hannunmu.

Bayan girbi ne aka kawo Malam Buba a babur daga wata ruga kusa da Dangora. Dattijo ne, makiyayi, yana kuma noma. A kafaɗarsa ta dama akwai ƙari kamar ƙaramin ƙoƙo, har ya ɗaga masa riga. Ya ce shekara da shekaru yana tare da shi, ba ya ciwo, sai dai yanzu ya hana shi saɓa sanda in zai bi shanu. Likita ya taɓa ya ji laushi, yana kuma zillewa a ƙarƙashin fata. Ya ce za a iya cire shi a nan.

Matarsa, Inna Hajjo, ita ta rako shi. Ina wanke hannu a famfo ta biyo ni, ta kama gefen rigata. Ta ce, "'Yata, ke mace ce. Zo ki taɓa mini wani abu." Na shigar da ita bayan labule. A mamanta na hagu na ji ƙullutu bai fi gurjiya ba, amma da tauri kamar tsakuwa, ba ya motsi, fatar wurin kuma ta ɗan janye ciki. Na lallashe ta har ta yarda likita ya duba.

Ga waɗanda ba su san ƙa'idar ba, hannu da ido ba sa yanke hukunci a kan ƙari. Sai an yanki ɗan nama daga jikinsa, a jefa a kwalba mai ruwan maganin da ke hana shi ruɓewa, a rubuta sunan mai shi da inda aka yanko, a aika Kano. A can akwai likitocin da aikinsu ke nan, su fere naman siriri su duba a madubin ƙara girma, su faɗi irin ƙarin. Rana ɗaya muka yi wa mata da miji. Nasa aka cire gaba ɗaya, nata aka ɗauki ɗan yanki. Ni na rubuta sunayen, mai ɗakin gwajinmu ya haɗa kwalaben ya ba direba.

Da sakamako ya dawo bayan wasu makonni, likita ya kira su. Babban ɗansu Sa'idu ya zo tare da su, magidanci ne mai fataucin shanu, ya yi sakandare. Likita ya ce na Malam Buba sunansa lifoma, tarin kitse ne kawai, ba ya yaɗuwa, an gama da shi. Na Inna kuwa kasinoma ne, wato sankarar mama, kuma dole a kai ta babban asibiti a Kano ba da ɓata lokaci ba. Suka yi godiya suka tafi.

Washegari ina shirya almakasai Sa'idu ya dawo, da ƙannen mahaifinsa biyu a bayansa. Ko zama bai yi ba.

Ya ce, "Sista, ke kika rubuta suna a kwalaben nan?"

Na ce ni ce.

"To kun musanya. Ƙari kamar ƙoƙo ku ce ba komai, abu kamar gurjiya ku ce shi ne mai kisa? Ko a dabba ban taɓa jin haka ba. Kuma na tambayi mai kemis a Dangora sunan da likita ya faɗa wa mahaifina, Baffa. Ya duba a waya, ya ce limfoma ciwon daji ne. Ko dai kun haɗa naman, ko kuna ɓoye mana wani abu."

Ɗaya daga cikin baffannin ya ƙara da cewa su tun farko ba su gane dalilin tafiya da naman mutum Kano ba. Wa ya san hannun da ya shiga?

Na ba su haƙuri, na ce su jira likita ya fito daga zagayen ɗakuna. Amma ina komawa ciki maganar ta bi ni. Na san abin da na rubuta, sai dai kwalaben sun bar hannuna. Na leƙa ɗakin gwaji, na ga mai ɗakin yana aiki da kwalabe birjik a kan tebur, duk iri ɗaya, murfi iri ɗaya. Mutumin da na yi shekaru ina yarda da shi, ranar sai na tsaya ina kallon yadda yake ɗauka yana ajiyewa. Ya ɗago ya ce, "Sista, lafiya?" Na ce lafiya lau. Na fita ina tunanin direba, da ramukan hanya, da ko takardar jikin kwalba tana iya ɓallewa a mayar da ita a kan wata.

Na tare likita a baranda na gaya masa komai, har da shakkar da ta shige ni. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Sista, ko da an musanya suna, nama ba ya musanyuwa. Abin da suka gani a kwalbar farko kitse ne zalla. A ta biyu sun ga hanyoyin ruwan nono, kuma a cikinsu cutar ta tsiro. Kafaɗar dattijo ba ta da hanyar nono." Nan hankalina ya kwanta. Saura nasu.

Likita ya sa aka kira su ofis, har da Malam Buba da Inna, waɗanda ashe suna zaune a gindin darbejiya a waje. Ya fara da cewa ƙari gida biyu ne. Akwai wanda yake girma a inda ya tsiro, yana ture abin da ke kusa da shi amma ba ya cin sa, ba ya kuma tafiya ko'ina. Akwai wanda yake kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi, ya bi jini ko kaluluwa ya je ya kafa a huhu, ko hanta, ko ƙashi. Wannan na biyun shi ake kira daji, ko sankara. Girma ba shi ke raba su ba, hali ne.

Sa'idu ya ce, "To sunan fa?"

Likita ya ce, "Ƙarshen sunan, wato oma, kumburi kawai yake nufi. Farkon ne ke gaya maka daga ina ya fito. Lifoma daga kitse. Limfoma daga kaluluwa, shi kam daji ne. A kunne sun yi kusa, shi ya sa mai kemis ya duba wanda ba shi ba. Kasinoma shi ne dajin da ke tashi daga fata ko daga shimfiɗar cikin gaɓoɓi, kamar mama da hanji. Sakoma kuma na ƙashi da tsoka ne."

Sa'idu ya yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. Ya ce, "Ka gani, Likita? Duk oma ne, wani na kisa wani ba na kisa ba. Sunayenku ma ba su tsaya a magana ɗaya ba. Yaya mutum zai yarda?"

Likita ya ce gaskiyarsa, sunayen suna ruɗarwa, har ɗalibai suna faɗuwa jarrabawa a kansu.

Malam Buba ya ɗaga kai ya ce, "In nata ne, wa ya yi mata?" Na ga baffannin sun kalli juna. Daga baya na ji ashe sun riga sun fara ambatar wani manomi da suka taɓa samun saɓani da shi a kan mashaya. Likita ya gyara zama ya ce, "Baba, ba wanda ya yi mata. Akwai abubuwan da muka san suna jawo wasu nau'o'in daji, kamar taba, da ƙwayar ciwon hanta, da gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna. Wani kuma gado ne, wani tsufa. Amma yawancin mata masu irin nata, ba mai iya nuna abu ɗaya ya ce shi ne. Kada ku ɗora wa kowa."

Duk da haka Sa'idu bai sauko ba. Ya ce shi abin da ya yanke, Baffa zai kai Kano, Inna kuwa ta koma gida a nema mata na gargajiya, ba za a yanke mata jiki a kan kuskuren kwalba ba.

Sai Inna Hajjo ta jawo mayafinta ta juyo wajena. Sa'idu ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa doguwar magana a gaban mutane. Da ni ta yi. Ta ce, "'Yata, ki gaya wa wancan, na Malam na san shi tun yana kamar goro, bai taɓa hana shi cin tuwo ba. Nawa bana ya fito, kuma yanzu akwai ɗan'uwansa a hammata. Ban faɗa wa kowa ba. Ki gaya masa ni ce mara lafiyar."

Sa'idu ya sunkuyar da kai yana juya waya a hannunsa.

Likita ya ce, "Sa'idu, kada ka yarda da mu. Ka kai ta Kano ka ce a sake yanka a gabanka, ka tsaya ka ga an rubuta sunanta. In mun yi kuskure, ka dawo nan ka faɗa a gaban kowa. Dama can ne za su ɗauki hoto su gane matakin da cutar take, daga na ɗaya, da take wuri guda, zuwa na huɗu, da ta riga ta bazu. Mu nan ba mu da na'urar."

Sa'idu ya ce, "Haka zan yi." Kuma a fuskarsa na ga don ya kama mu da kuskure zai tafi.

Ya kai ta a makon. Aka sake gwaji, ya fito yadda muka faɗa. Suka ce mataki na biyu ne, ta taɓa kaluluwar hammata amma ba ta wuce nan ba. Aka cire maman, aka yi ta ƙara mata ruwan maganin nan mai zubar da gashi. Ta sha wuya, ta rame ƙwarai, amma ta tashi. Har na bar asibitin tana zuwa a duba ta, tana tafiya da ƙafarta daga bakin titi.

Sa'idu bai taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Amma daga baya shi ya riƙa kawo mana mutanen rugarsu, duk wanda ya ji ƙullutu a jiki. Ya tsaya a kaina har in rubuta suna, ya karanta, ya sa in maimaita masa sunan cutar ya rubuta a wayarsa harafi bayan harafi.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu wannan aiki, shi ne, mutanenmu ba su san ma'anar kalmomin nan ba, kuma ba laifinsu ba ne in sun yi zargin abin da aka faɗa musu da harshen da ba nasu ba. Wanda ya dawo yana tuhumarku, ku ba shi kujera ku yi masa bayani, domin har yanzu yana hannunku. Ni waɗanda nake tsoro su ne masu cewa "to, mun gode" su fita a hankali. Irinsu da yawa ban sake ganinsu ba sai da aka kawo su a kwance.