Kaset ɗin da Inna ta aika Kano

A unguwar Jarwal na tashi, kusa da Harami, a wani lungu da yanzu otal ya hau kansa. A ƙasan gidan da muke haya akwai wani ɗaki da kowa ke kira ɗakin bidiyo. Dattawan unguwa ne suka haɗa hannu suka sayi kyamara da talabijin, suka damƙa wa wani tela ɗan Damagaram da muke ce wa Baba. Mai suna ko biki sai ya zo ya ari kyamara. Wanda kuma yake so 'yan uwansa su ga fuskarsa, sai ya zauna gabanta ya yi magana, a ba alhazai kaset su tafi da shi. Yawancin iyayenmu ba su da igama, wato takardar zama, in sun fita ƙasar ba su da hanyar dawowa. Baba kuwa ba ya sakin kaset sai ya ajiye na asali a wurinsa.

Da aka rushe lungunmu, kowa ya kama gabansa. Baba ya kwashi kwalayen kaset ya koma unguwar Kudai da su, ya jibge a saman kwaba. Shekaru suka ja, zafi ya cinye wasu, idonsa kuma ya yi rauni. 'Yarsa, ƙawata tun muna yara, ita ta samo na'urar da ke juye kaset zuwa kwamfuta. Ta ce in zo in taya ta, domin Hausata ta fi tata, ita Larabci ya rinjaye ta. Muka riƙa gayyato tsofaffin matan unguwa ranar Juma'a bayan la'asar, su kalla, su gaya mana wace ce wannan, wane ne wancan, wa ya rasu, wa aka mayar gida.

Na ji daɗin aikin har ranar da na ja surukata, uwar mijina, ta zo kallo. Su mutanen Kano ne masu takarda, ba su taɓa zaman lungu ba. Inna ba ta zo ba, gwiwa ta hana ta hawa bene.

Ƙawata ta sa wani kaset marar rubutu a jiki. Hoton ya yi ta rawa, sannan ya tsaya. Sai ga Inna da ƙuruciyarta, a kan wata kujera mai laushi, awarwaron zinare har gwiwar hannu, bayanta labule mai nauyi da firji ƙato.

"Gwaggo, ina gaishe ki," in ji ta, tana magana da mahaifiyarta da ke Kano. "Ga gidanmu nan, ki gani. Malam yana aiki a kamfani. Ki daina kuka, ba abin da muka rasa."

Na gane falon nan take. Gidan wata Balarabiya ne a unguwar Shisha, inda Inna ke shara da wanke-wanke. Matar ta yi tafiya Ta'if, ta bar mata makulli. Zinaren na maƙwabciyarmu ne. Babana kuwa keken guragu yake turawa a Harami, ya rasu bai taɓa shiga ofishin kamfani ba.

Sai wata yarinya ta shigo hoton, da riga mai tattara wadda ta yi mata yawa. Ni ce. Inna ta ce in zo in gaida kaka da Larabci. Na tsaya a gefen kujerar na ƙi zama.

"Inna, in na hau ba za a yi mana faɗa ba? Madam ta ce kada mu taɓa."

Wannan wurin an yanke shi a kaset ɗin da ya tafi Kano, amma na Baba yana nan da komai. Matan suka kwashe da dariya, wata har da tafi. Ba dariyar mugunta ba ce, na sani, amma na rasa inda zan sa idona. Surukata ta gyara mayafinta, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma kalle ni ba. Ina ma ta yi dariyar, da ya fi min sauƙi.

Da aka watse na ja ƙawata gefe na ce ta goge shi. Baba yana kishingiɗe a bakin ƙofa, ashe yana ji.

"'Yata, maganar ba taki ba ce," in ji shi. "Ni ban taɓa goge maganar mutum ba sai da bakinsa. Je ki tambayi mahaifiyarki."

Na samu Inna tana tsince shinkafa a faranti. Na gaya mata abin da aka gani. Hannunta ya tsaya.

"Surukarki tana wurin?"

"Tana wurin, Inna."

Ta ja gefen ɗankwalinta ta rufe fuska. Ban taɓa ganin ta haka ba. Na zauna kusa da ita har aka kira sallar magariba.

Bayan ta idar ta ce, "Ƙarya na yi, ban musa ba. Amma alhazan da suka zo daga baya sun ce min Gwaggo ta riƙa zuwa gidan mai talabijin a unguwarsu tana sa a kunna mata, tana nuna wa mutane 'yarta. Sun ce tun daga nan ta rage kuka. A haka ta rasu, ban sake ganin ta ba."

Na ce, "To in ce a goge?"

Ta daɗe tana murza carbi. "Mai zinaren nan an kama ta a kasuwa an mayar da ita, ban san ko tana raye ba. Ita ta riƙe kyamarar, muryarta tana ciki. A bar shi. Amma ki kawo wayarki."

Washegari ta zauna a kan tabarmarta, da zanin da take girki da shi, bayanta bango mai ɓawon fenti. Ta faɗi gidan wa ne, zinaren wa ne, da aikin da babana yake yi. Sau biyu na so in tsayar da wayar, ta ce in ci gaba da ɗauka. Da ta gama na tura hoton Kudai. Ƙawata ta haɗa shi da tsohon a wuri ɗaya.

Surukata ba ta taɓa tayar min da zancen ba, kuma har yau in na durƙusa gaishe ta ƙasa nake kallo. Juma'ar da ta biyo ban so komawa Kudai ba, ƙawata ta yi ta kira har na je. Ranar kaset ɗin wani suna aka sa, matan suka yi ta gardama kan wace ce mai jegon, aka tashi ba a gane ta ba.