Ƙofar da Kaka Ta Ba Ruwa

Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kirana da komai ba sai Takwara. In malka ta kama, a ɗakinta muke taruwa bayan magariba, ni da ƙannena biyu. Ta hura wuta, ta jera masara a bakin murhu, tana ba mu tatsuniya tana yi mana tsiya, wai fara ma ta san ta ƙoshi, ban da mu.

Garinmu, can gefen Tsamaye, a ƙasan madatsa yake. Tudun ƙasa ne aka tara aka danne a bakin ƙorama, don ya riƙe ruwan da a da yake shigo mana har cikin ɗakuna. A gefen gabas an bar masa mafita, inda ruwa ke zubewa in ya yi yawa. To, wata shekara masu noman rani, har da Baba, suka cika buhuna da ƙasa suka toshe mafitar, wai ruwa ya ƙara taruwa su sami na albasa. Kaka ma ta ci moriyar abin, domin hanyar ruwan ta tsakiyar gonarta ta bi, gonar da marigayi kakanmu ya bar mata. Da ta ga an toshe, sai ta shuke ta kaf, hatsi ya yi kai abin sha'awa.

Ranar da nake ba ku labari, sama ta kwana ta wuni tana zuba. Mun zauna ke nan sai ga Baba, jiƙe sharkaf, laka har gwiwa. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, ruwa ya kusa kai bisan madatsa. Ta baya kuma ta hwara yoyo, ruwan ja, da laka."

Ko ni da nake yarinya na san sauran maganar: in ba a cire buhunan ba madatsa za ta ɓalle a kanmu, in kuwa an cire, hatsin Kaka ya tafi. Kunyar uwa ta ɗaure masa baki, ga shi da hannunsa ya jera buhunan. Tsoro ya kama ni.

Kaka ko kallonsa ba ta yi ba. Ta juya masara ta ce, "Ga wata nan tahe, ku ba ta wuri."

Muka amsa da ƙyar, "Ta shigo mu ji."

Wai wani mutum ne Ruwa ya zo masa baƙunci. Duk inda baƙon ya zauna sai tsiro ya fito, gida ya yi kore shar. Mutumin ya ce ai wannan baƙo ba na sallama ba ne, ya kwaɓa laka ya liƙe ƙofar ɗakin. Ruwa ya ce, "Maigida, ina ƙohwa? 'Yan'uwana na tahe, ɗakin ga bai ɗaukar mu." Ya ce, "Kai dai zauna." 'Yan'uwa suka yi ta sauka ta rufi, ɗaki ya cika. Ruwa ya sake roƙo, maigida ya toshe kunne. Shi ke nan Ruwa bai ƙara magana ba, sai ya fara lasar gindin bango a hankali.

Ƙanena Sani ya ce, "Sai mi, Kaka?"

"Sai mi? Baƙon da anka hana ma ƙohwa, shi ka zaɓen inda za shi hita!"

Sai a lokacin ta waiwayi Baba, murya ta canza. "Kai kuma mi kake jira? In hatsina ya tsaya ɗiyan ga sunka tahi, da wa za ni cin shi? Tashi ku ɗebe buhunnan ga!"

Baba ya zabura ya fita a guje. Wallahi a nan tsorona ya ninka, don duk mai jan buhun nan a bakin ruwan zai tsaya, ruwan kuma da zarar ya ga hanya ba ya tambayar wa ke gabansa. Mahaifiyarmu ta goya jaririnta, ta ɗaure 'yan kaya a zane, ta tsaya bakin ƙofa tana salati, ko za a ce a gudu kan tudu.

Sani ya ce, "Kaka, ba ki ruhe tatsuniyar ba."

"Ba ni ruhe ta sai ubanku ya komo."

Masara ta ƙone ƙurmus, ba wanda ya kula. Can sai muka ji ruri, ƙasa na amsawa a ƙarƙashin tabarma. Madatsa ce ko mafita? Na ƙanƙame Kaka. Ta ɗaga hannu mu yi shiru, ta karkata kunne ta daɗe.

"Gabas na," in ji ta. "Gonata ta. Alhamdu lillahi." Ga hasken wuta na ga hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba.

Baba ya dawo yana ɗingishi, dutse ya tsaga masa ƙafa, amma madatsa ta tsaya. Kaka ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta ce, "To, yanzu tatsuniya ta kai gida. Ku tashi ku ba ni wuri, 'yan ƙona masara."

Gonar kuwa rairayi ya binne rabinta, har Kaka ta rasu ba ta ƙara yin hatsin kirki ba.

Na daɗe ina ɗauka kwaɗayin maigidan nan ne darasin. Sai da na girma na yi gonar kaina na gane cewa faɗin a ba ruwa ƙofa ba wuya, muddin ƙofar ba ta gonarka ta bi ba. Kaka ta san kan hatsinta ɗaya bayan ɗaya, kuma da bakinta ta sallama shi.

Har gobe, duk damina sai an sami mai ɗauko buhu ya nufi mafita, wai ruwan albasa. Bara ɗana ne na cikina. Ban yi masa faɗa ba. Na gasa masara, na tara 'ya'yansa a bakin murhu, na sa aka kira shi ya durƙusa a bakin ƙofa.