Molon Baba Agali Da Rawaninsa

Ranar da Baba Agali ya ce in goge waƙarsa ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuka zo gidan rediyon nan daga baya kuna yawan tambayata amfanin doguwar baƙar igiyar da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar sitidiyo. Har akwai wanda ya taɓa ɗaukarta zai ɗaure kwali, na kusa cinye shi ɗanye. To ku gyara zama ku ji inda ta fito.

A lokacin ni kaɗai ce mai kula da sauti a gidan nan. Sama da ni akwai shugaban gidan, Malam Isufu, wanda muke kira Shef. Shi ya kawo shawarar mu riƙa ɗaukar kiɗan tsofaffin Adar muna ɗorawa a manhajar sauraron waƙoƙi ta intanet, saboda mutanenmu da ke cin rani a Abijan da Libiya. Tsarin aikin a fili yake. A ɗauki kiɗa a sitidiyo, in gyara shi, in ɗora shi a manhajar amma a rufe, ba mai gani sai mu. Daga nan mai kiɗan ya saurara. In ya yarda da bakinsa a buɗe wa duniya, in bai yarda ba a goge.

Akwai abin da ya kamata wanda ba ɗan sana'a ba ya sani. Sautin da muke ɗauka yana da nauyi, saboda haka manhajar takan matse shi domin ya bi rezo, wato layin intanet, da sauƙi. Matsin hawa-hawa ne. In rezo ya yi rauni sai ta sauko da kanta zuwa na ƙasa, kuma abin da ke fara ɓacewa shi ne siraran sauti. Ga ganga wannan ba wata babbar asara ba ce. Ga molo kuwa asara ce, domin a kan wuyansa akwai ɗan ƙarfe mai ƙananan zobba da ke kaɗawa duk lokacin da aka taɓa tsirkiya. Baƙo zai ɗauka hayaniya ce. Mu a nan mun san in babu ita molo bai cika ba.

Baba Agali makaɗin molo ne daga arewa da Tebaram, yana jin Tamashek yana jin Hausa. Ya tsufa, yatsunsa sun fara ƙagewa, shi da kansa ya ce wannan ne karo na ƙarshe da zai zauna ya yi kiɗa mai tsawo. Da ƙyar ya yarda ya zo. Wani ya taɓa ɗaukarsa da salula a wurin biki, abin ya yi ta yawo hannu-hannu da sauti kamar ƙuda a cikin gwangwani, kuma ya ji ciwon haka ƙwarai. Abin da ya kawo shi nan garin Tawa ɗaya ne: Shef 'yar tsohon yake aure. Ko da ya zo sai da ya kafa sharaɗi. Ɗansa da ke Abijan ya gaya masa cewa can a kunne suke sa abin ji, daga salula. Don haka ba zai saurara ta manyan lasifikokin sitidiyo ba. Yadda 'ya'yansa za su ji a can, haka shi ma zai ji.

Mun yi ɗauka ranar wata Asabar, bayan an gama girbin hatsi. Kiɗa ya yi kyau, ni da nake bayan gilashi sai da tsigar jikina ta tashi. Bayan azahar na gama gyara, na ɗora, na saita manhajar a matakin sama, na sauke waƙar cikin salular gidan tukuna don kada rezo ya ba ni kunya. Na saurara da babban kas ɗinmu, abin jin nan marar igiya da ake ɗorawa a kai ya rufe kunne. Kowane zobe yana nan. Na shiga ina taƙama, na miƙa wa Baba Agali kas ɗin da hannu biyu.

Ya karɓa, ya juya shi, ya ɗora a kansa. A bisa rawani.

Rawanin Baba Agali ba irin na ado ba ne. Naɗi ne a kan naɗi, ya rufe kai da kunnuwa da baki, ido kaɗai ake gani. Mazan wajensu ba sa buɗe fuska gaban baƙi, ko shayi za su sha ta ƙarƙashin ƙyalle suke kai kofin, balle a gaban suruki. Ga Shef zaune a kusurwa ya sunkuyar da kai, mutumin da kullum muryarsa ke cika gidan nan ya koma kamar an jiƙa shi da ruwa. Ni kuma na san abin da tulin yadi ke yi wa sauti. Ƙaurin tsirkiya zai ratsa, zobba ba za su ratsa ba.

Na ƙara ƙarfi. Bai yi amfani ba, sai ma ya ƙara dagula abin. Tsoho ya saurara har ƙarshe, ya sauke kas ɗin a hankali ya ajiye a kan tebur.

"Ɗiyata," ya ce da ni, "wanga ba molona ba na. Ina ƙarahuna? Kun kashe shi. Goge abinki, ba ni son ɗiyana su ji ni haka."

Ya ɗauki molonsa ya fita. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Washegari da hantsi zai bi motar kasuwa ya koma gida.

Shef ya raka shi bakin ƙofa ya dawo. "Hadiza, kin dai jiya. Goge."

"Shef, waƙar ba ta da laihi. Rawani na."

"Na gani, ai ba makaho ni ke ba. To wa za ya ce mai shi tuɓe? Ke? Ni dai ba da bakina ba."

"Ba ni lokaci zuwa tashin mota."

"Ke da taurin kai! Mutum ya ce ba shi so."

"Bai ji ba tukuna. In ya ji ya ce ba shi so, da hannuna zan goge."

Ya dube ni ya girgiza kai, ya ce in yi abin da na ga dama, amma kada sunansa ya fito. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye muku ba. Ba da tsohon nake fushi ba, ba kuma da Shef ba. Abin da ke cina shi ne kiɗan da ba za a sake samun irinsa ba zai tafi a banza saboda yadi, alhali kowa a ɗakin ya ga dalili kuma ba mai iya faɗa.

Na hau kabu-kabu zuwa kasuwa, wurin Mamman mai shagon kayan salula. Abin da nake nema shi ne ekuter, ƙananan nan da ake cusawa cikin kunne. Kada ku ɗauka abu ne mai sauƙi. Yawancin na kasuwa an yi su ne don matasa masu son dukan ganga a ƙwaƙwalwa, siraran sauti ba ruwansu da su. Mamman ya zubo mini tuli a kan tebur, na riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya ina kunna molon. Wannan ya cika gurnani. Wancan kunne ɗaya ya fi ɗaya. Ya kawo marasa igiya yana ta yabonsu, na ce ya mayar, ba zan jingina aikin nan da batir ba.

"Hajiya," in ji Mamman, "ekuter kika zaɓe ko miji?"

"Miji ai ban wahala haka ba. Kawo na cikin kwalin can."

A can ƙasan kwali muka samu wani marar kyan gani, amma da na sa shi sai ga zobba sun fito tas. Na sa ya nemo mini robobin bakinsa manya da ƙanana, domin in roba ba ta zauna daidai a kunne ba sauti zubewa yake yi. Salular gidan ba ta da ramin ekuter, sai da muka nemo ɗan mahaɗi. Har na juya zan tafi na tsaya. Ko wannan ɗin ma sai mutum ya sassauta rawani kafin ya kai shi kunne, kuma Baba Agali ba zai yi haka ina tsaye a kansa ba. Shi kuma bai san inda ake taɓawa a salula ba. Na ce wa Mamman ya ba ni igiyar ƙari mafi tsawo da yake da ita. Na haɗa su duka a nan shagon na gwada, na tabbata igiyar ba ta rage komai ba.

Da safe na ce wa Shef ya yi zamansa a gida. Baba Agali bai sauka gidan 'yarsa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Yana wurin wani mai masauki kusa da tasha. Na tarar da shi a tsakar gida, kaya a ɗaure, molo a naɗe cikin tsumma. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi ta lafiya-lafiya har ta ƙare.

"Kin goge?" ya tambaye ni.

"Ban goge ba, Baba."

Idanun nan suka tsaya a kaina, amma ban tashi ba.

"Baba, kai kac ce yadda ɗiyanka za su ji, haka za ka ji. Abin da ni ba ka jiya na ma'aikata na, ba shi suka sa wa can ba. Ga irin nasu. Shi cikin kunne aka sa shi, kuma mutum shi kaɗai ka jin abinai. Ka shiga ɗaki, ni ina nan waje. In ka hito kac ce in goge, gabanka zan goge."

Na nuna masa a kunnena yadda ake sawa. Ya dubi ekuter ɗin, ya dubi tsawon igiyar, ya sake dubana. Ya miƙe ya shiga ɗaki, ya saki asabari.

Na zauna a bakin ƙofa, salula a cinyata, igiya ta bi ta ƙarƙashin asabari. Na ji motsin yadi a ciki, na kau da kai duk da ba abin da nake gani. Can ya yi gyaran murya. Na taɓa salula, waƙar ta fara.

Ni ba na jin komai. Daga tasha ana ta kiran masu zuwa Tebaram, direba yana danna oda. Na riƙe igiyar a hannu don kada mahaɗin ya zare, ina ta addu'a a zuci. An daɗe ba motsi. Har na fara shirya yadda zan goge ba tare da na yi kuka a gabansa ba.

Sai igiyar ta motsa. Ta ja kaɗan, ta saki. Ta sake ja, ta saki. Na dube ta da kyau. Daidai da bugun molon take tafiya, bugun da na kwana da shi a kaina. Tsoho yana kaɗa kai. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina, ina zaune a ƙasa ina dariya ni kaɗai kamar wata taɓaɓɓiya.

Da waƙar ta ƙare sai na ji muryarsa daga ciki: "Maido shi daga hwarko."

Na mayar. Mai masauki ya leƙo ya ce mota za ta tashi, na ce ya je ya roƙi direba, ko ya kwanta a gaban taya, duk wanda ya fi masa sauƙi.

Ya fito rawani a naɗe tsaf kamar ba a taɓa shi ba. "Ƙarahuna na nan," ya ce. "Har tarin da ni yi na nan. Saki shi, su jiya." Ya ɗauki molonsa, sannan ya tsaya. "Ke ɗiya, kin san abin da ya hana ni ji jiya."

"Ban san komi ba, Baba."

Gefen idanunsa ya tattare, na san dariya yake yi a ƙarƙashin yadin. Na cire ekuter ɗin na ba shi ya tafi da shi, igiyar kuma na dawo da ita nan.

Baba Agali yana raye, amma yatsun sun rufe, bai ƙara kiɗa ba. Wanda muka ɗauka ran nan shi ke nan abin da ya rage, kuma shi ɗansa ke ji a Abijan.

A makaranta an koya mini bin sauti daga mikro zuwa na'ura, daga na'ura zuwa rezo, kuma na iya. Ba wanda ya gaya mini aikin bai ƙare ba sai sautin ya shiga kunnen mai shi, kuma kunnen nan a jikin mutum yake, mai kunyarsa da surukansa. Tun daga ranar, duk wanda zai saurari kansa a gidan nan, tsoho ne ko matar da ba ta son taɓa ɗankwalinta gaban maza, ɗaki nake ba shi shi kaɗai, ni in zauna a waje da bakin igiya. Saboda haka wanda ke neman abin ɗaure kwali ya tafi kasuwa. Wannan a bar mini ita a ƙusarta.