Kwalaben da Baba Ya Tausaya Wa

Wataƙila na rikita wasu abubuwa, don an daɗe, kuma lokacin hankalina ba a kwance yake ba.

Shekarata ta ƙarshe a jami'a na koma gidanmu kusa da Keita da aikin bincike. Ina son sanin yadda zafi da haske ke sauya yawan man da ƙananan gansakuka ke tarawa, man da ake fatan wata rana zai tada injin. Na ɗebo koren ruwa a tabki na raba a kwalabe, rabi bisa katanga cikin rana, rabi ƙarƙashin rumbu. Bisa abin da na karanta, na rana ya kamata su fi mai, in zafi bai kashe su ba. In babu bambanci a hannuna, babu abin da zan kare gaban malamai.

Kullum da safe nakan tafi koyarwa a wata makaranta, sai la'asar in dawo. Sau biyu ina shanya gansakukar in aika birni a auna manta, sau biyu amsa ɗaya: kusan babu bambanci. Na zargi ma'aunin zafina, na zargi ruwan rijiya, na fi zargin kaina.

Wata rana aka sallame mu da wuri. Na tarar da katanga wayam. Kwalaben da na jera bisanta duka suna gindin bishiyar bedi tare da awaki, mahaifina na zaune gefe yana gyaran igiya.

"Baba, wa ya sauke su?"

"Ni na. Ba kai ka ce min suna da rai ba?"

"Baba, ranar ita ce aikin!"

"Aikin mi? Jaki ma ba a barin shi cikin wagga rana. Kullum ina maida maka su kafin ka zo, ko gode ba ka yi."

Lokacin sanyi, wanda ya dace da gwajin, ya riga ya wuce. Na sake gwajin a bazara, kwalaben katanga suka yi fari cikin kwanaki kaɗan, zafi ya kashe gansakukar. Malamina ya ɗaga kare aikin zuwa wata shekara.

Har yau ban san ranar da Baba ya fara sauke su ba. Shi ya ce tun farko, innata ta ce sai da rana ta fara zafi. In tata ce daidai, awon farko yana da amfani. Duk wanda ya shiga gidanmu da tsakar rana a waɗancan watannin, don Allah ya aiko min da abin da ya gani.