Mutumin da Ya Ɗaga Hancin Motocin Kirkissoye

Da an sallame sallar asuba, Halidu ba garejinsa yake nufa ba. Bakin kogi yake zuwa da wata gora da ya yi wa tsage-tsage, ya tsoma ta gindin wani tsohon turke da masu kwalekwale suka daina amfani da shi, ya duba inda ta jiƙe, ya juyo. Rani da damina haka yake. Sai ya sha kununsa a tsaye, ya zura shuɗiyar rigar aiki da ta girmi wasu direbobin garin nan, sannan ya ja ƙyauren kwano. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana gyaran mota a unguwarmu, Kirkissoye. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don yanar ido ta rufe masa na hagu, na dama kuma ya fara bin sawu.

Ni ne Lawali Mai Bashe, Bagobirin Tibiri. Wanda bai san ni ba a hayin kogi, baƙo ne. Shekara arba'in da shida ina tuƙi. Sau biyu na kife a hanyar Agadas, na tashi na kakkaɓe rigata. Na kwana huɗu cikin rairayi da mataccen inji, ruwan radiyeta na sha na rayu. Ban taɓa zama bencin lakwal ba, wato makarantar boko. Haruffan nan a bayan manyan motoci na tsince su ɗaya-ɗaya, don haka masu ilimi su yi haƙuri da ni. Ban saba yabon mutum ba, balle Bazabarme irin Halidu, wanda kowa ya san bawana ne tun kakanni, ko da yake shi ma haka yake cewa da ni. Amma akwai gaskiyar da na zauna a kanta shekara biyar, yau zan tashi a gan ta.

A bangon garejin, daga ciki, akwai layuka da ya ja da fenti, kowane da shekararsa a gefe. Nan ne inda ruwa ya tsaya a kowace ambaliya. Ranar da na fara lura da su na ce, "Kai bawa, wannan zane-zanen fa?"

Ya ce, "Na fuskarka nake kwaikwayo, Bagobiri. Sai dai nawa suna da amfani."

Ga amfaninsu. Mota tana numfashi kamar ni da kai. Masu ƙera ta sun sa mata hanci can ƙasa, bayan ƙarfen gaba, don ta shaƙi iska mai sanyi maimakon hucin inji. Inda babu ruwa, wannan dabara ce. A unguwarmu cikin watan takwas, hanci a ƙasa ajali ne. Inji yana matse iska, amma ba ya iya matse ruwa. Ko kofi guda ya shaƙa, sandunan cikinsa za su lanƙwashe kamar ɗanyen kara. Direba kuma, da ya ji mota ta yi shiru cikin ruwa, sai ya sake murɗa makulli, ya ƙarasa ta da hannunsa. Aikin Halidu shi ne ɗaga wannan hanci sama, inda iska ke da sanyi har yanzu amma ruwa bai kai ba.

Ku tambayi Yusuf mai taksi, yana nan da ransa a layin Babbar Kasuwa. Injinsa na farko a wani kududdufi ya mutu, wanda ko gwiwa bai kai ba. Da ya kawo na biyu, Halidu ya juya masa tiyon iska ya kai shi sama a cikin kapo, wato murfin inji, ya ɗauko jan fenti ya ja layi a ƙasan ƙofa. Ya ce masa, "Ƙaramar mota ba ta zama kwalekwale, kowa ya gaya maka haka ƙarya yake. Iyakarka ke nan. Ruwa ya taɓa layin nan, juya, ko surukarka ce a baya." Damina tara Yusuf bai sake sauke inji ba. Da farko dariya aka riƙa yi wa jan layin. Yau ka tsaya bakin gada a Gaweye ka duba ƙofofin motocin da ke haurowa daga hayi, ka ga yawan masu shi.

Ni kuwa na ƙi. Tsohuwar bashe gare ni mai shan gazuwal, irin mai buɗaɗɗen baya, da ita nake kai wa mata masu garka salati da tumatir kasuwa. Duk sanda ya ce in kawo ta, sai in ce, "Ni da hamada ta kasa, ruwan lungu ne zai ci ni? Je ka ci zogalenka."

Shekara biyar da suka wuce ne ɓarin jikin matata Hasiya ya shanye. Ba ta tashi, ba ta zama, sai an juya ta. Halidu ya zo gaisuwa. Bayan ya yi addu'a, na rako shi, sai ya tsaya a tsakar gida yana duban ƙasa. Gidana a kwari yake, kowa ya sani. Ya dubi ƙofar ɗakin da take kwance, ya dube ni. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Malam Lawali, sandata kullum ƙara jiƙewa take, ban taɓa ganin irin na bana ba. In kogi ya shigo, a bayanka za ka goya ta?"

Da safe na kai mota.

Ya auna da gorarsa daga ƙasa zuwa layin da ya fi kowane tsawo a bango, ya ƙara taƙi biyu. Ya huda gefen mota, ya ɗauko baƙin tiyo mai kauri, ya haɗa shi da akwatin da ke tace iska, ya bi da shi gefen gilashi har ya zarce rufi. Bakin ya juya shi baya ya sa masa hula, kada ruwan sama ya faɗa. Kowace gaɓa ya naɗe ta da robar taya ya ɗaure da ƙarfe. Kafin la'asar ya gama. Na ce to, miƙo makulli.

Ya ce saura gwaji. Ya tada inji, ya hau kan tsani da wani guntun katako mai roba a fuska, ya kifa shi a bakin tiyon ya danne. Inji ya ci gaba da ruri abinsa.

Na buga ƙirji. "Ka ji mota! Ko an shaƙe ta ba ta mutuwa. Halin mai ita ta ɗauko."

Ya sauko fuskarsa a murtuke, ya kashe inji, ya jefa makullin cikin aljihunsa. "Na toshe mata hanci tana numfashi. Ke nan tana shan iska ta wani wuri. Inda iska ta shiga, nan ruwa zai shiga."

"Ba ni makullina."

"Ba ta fita."

"Salatin mutane na yaushi a garka, kai kana neman ramin tururuwa!"

"Su ɗauki amalanke. Ba ta fita."

Kwana uku ya riƙe ta. Na gaya masa maganganun da suka wuce wasan Bagobiri da Bazabarme, Allah ya yafe mini. Shi dai ya ci gaba da aikinsa. Ya kwance gaɓoɓin ya sake ɗaurewa, inji ya ƙi mutuwa. A rana ta uku ya kunna tsumma ya kashe, ya kwanta ƙarƙashin mota yana yawo da hayaƙin a hankali, yana kallon inda zai karkata. Can sai hayaƙi ya lanƙwasa ya shige gindin akwatin tace iska. Wata ƴar huda ce da ba ta fi ƙwayar wake ba, laka ta ɓoye ta. Ya toshe. Ya hau tsani, ya kifa katako. Inji ya yi tari biyu ya mutu murus.

Halidu ya ɗaga hannu sama yana dariya har da hawaye. Duk yawon da na yi a duniya, shi kaɗai ne makaniken da na ga yana murna don inji ya mutu a hannunsa.

Ya ja mini jan layi, taƙi ɗaya ƙasa da mariƙin ƙofa. Ya ce, "Giya ta farko. Ƙafarka kada ta ƙara, kada ta rage. In ta mutu, cire hannunka daga makulli ka zauna a kansa."

Sati uku bayan haka, da hantsi, kogi ya karya shingen ƙasar da ke tsare mu. Kafin in gama ɗaura wando ruwa ya shigo tsakar gida. Kafin mu fito da Hasiya ya kai ƙafar gado. Kwalekwale suna can bakin hanya a cike, kuma ko sun zo, ba ta iya zama a ciki. Maƙwabta suka gicciya katakai a kan bayan bashe, muka ɗora ta da katifarta. Zeinabu maƙwabciyarmu ta hau ta riƙe mata kai. Daga ƙofata zuwa tudun da gudro yake, titin kwalta ke nan, tafiyar da ba ta kai shan shayi ɗaya ba ce a rani. Ranar babu hanya, babu lambatu, duk jan ruwa ne shimfiɗe.

Na tada mota, niyyata in taka wuta in ratsa da gudu. Sai na ga mutum ya ɓullo ta kwanar lungu, ruwa har ƙugu, da gora a hannu.

"Na san za ka yi gaggawa, Bagobiri," in ji shi. "Bi bayana. Inda na taka, nan za ka taka."

"Garejinka fa?"

"Ƙarfe ba ya nutsewa ya mutu. Tafi!"

Kai ne ka shiga gabana, Halidu. Kai ne kake soka gora hagu da dama kana neman bakin lambatu, ruwa na hawa maka daga ƙugu zuwa ƙirji. Ni ina leƙo kai ta taga ina duban jan layinka. Saura yatsa huɗu. Saura uku. Ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa ya rufe mini ƙafafu, ya jiƙa kujera. Igiyar ruwa ta hau kan kapo ta sauka. Muka wuce wata sabuwar babbar mota da ta fi tawa komai, a mace, mai ita yana ta murɗa makulli. Ka yi masa tsawa ko juyowa ba ka yi ba: "Alhaji, bar makullin nan!" A kwarin bayan masallaci ya zama saura yatsa ɗaya. Ƙafata ta so ta danna. Na tuna maganarka, na riƙe ta kamar an kafa ta da ƙusa. Sama da kaina ina jin tiyon yana zuƙar iska, fuu, fuu, busasshiya. Daga nan layin ya fara nisa da ruwa. Yatsa biyu. Tafin hannu. Tayoyi suka kama gudro.

Muka haura gada muka kai Hasiya asibiti, ko gefen zanenta bai jiƙe ba. Kai kuwa ka juya ka koma cikin ruwa, don akwai wasu motocin masu jan layi a unguwa. Kayan aikinka sati biyu suka yi cikin laka. Da ruwa ya janye, kafin ka wanke ko ɗaya, sabon layi ka fara ja a bango, sama da duk na baya. Sannan ka aika a kira duk motar da ka taɓa ɗaga wa hanci, ka sake aunawa.

To ga abin kunyar. Shekara biyar ina ba da labarin nan a fada, wajen shan shayi, kuma a bakina ni kaɗai ne a cikinsa. Ni na ratsa ruwa, ni na san hanya, ni ne gwani. Kana zaune a gefe kana ji, iyaka ka ce, "Gaskiya ne, Bagobiri ya iya tuƙi."

Satin da ya wuce na gaya wa Hasiya za ka bar aiki. Maganarta a hankali take fita yanzu, da rabin baki, amma ba ta kuskure. Ta ce, "Malam, ranar nan ina kwance ina kallon sama. Ban ga tuƙinka ba. Tiyo na gani a tsaye bisa ruwa. Kai ka sa shi?"

Ban sa shi ba. Da ta ni ce, da na karɓi makullina tun ranar farko, da huda kamar ƙwayar wake a gindin akwati, da a kwarin bayan masallaci za mu tsaya, ni da ita. Tuƙi dai na yi, kuma ba kowa zai iya riƙe ƙafarsa yadda na riƙe ba, wannan a rubuta. Amma numfashin motar naka ne, hanyar ma taka ce.

Na gode, mai gora, mai hana makulli. Hasiya ta gode. Allah ya buɗe maka idanunka, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma masu garejin garin nan, kada ku ce ba a gaya muku ba. Ku je ku ga bangon nan tun mai shi yana iya nuna muku. Ku auna ruwan unguwarku. In kun ɗaga hancin mota ku toshe shi ku ji ta mutu, in ba ta mutu ba ku jefa makulli aljihu, ko mai ita ya fi ni baki. Direbobi kuma, wanda ya riƙe muku mota kwana uku saboda ƴar huda, kada ku zage shi yadda na yi.

Saura magana ɗaya, Halidu. Ka ce abin da ke damunka shi ne ba ka ƙara ganin tsagen gora. Ranar da ka rufe ƙyauren nan, washegari da asuba za ka ji hon a ƙofar gidanka. Zan kai ka bakin turke kullum, rani da damina, muddin ina numfashi. Kai ka tsoma, ni in gaya maka inda ta jiƙe, don idona har yau ya fi na duk samarin Kirkissoye. Ka fito da wuri, bawa. Ubangidanka ne zai tuƙa ka, kuma gidan gaba za ka zauna.