Fassarar da ta raba Sabo da Haɗejiya

Shekara huɗu ke nan da muka binne Sabo Mai Fassara. Abin da ya shiga rumfar kallo da shi a yammacin da zan ba ku labari ba shi da yawa: sunansa, wanda rabin Haɗejiya ke ambata da murmushi, da gurbinsa a sahun masallacin unguwa, da ɗan gidan hayar da iyalinsa ke ciki. Kafin a kira magariba duk sun fara zamewa daga hannunsa, a kan fim ɗin da bai taɓa gani ba sai ranar.

Ni ɗan kasuwa ne. Da tallan kaset a faranti na fara, na koma faifai, na buɗe rumfar kallo, yau kuma wayoyi nake sayarwa. Sabo abokina ne tun muna tallan. Bai taɓa taka Indiya ba, amma kallo ya koya masa yarensu har yana mafarki da shi. Finafinan da ba a fassara ba sun fi araha a Kano, sai in kwaso su da yawa, shi kuma ya zauna gefen allo da makirfo yana juya maganar zuwa Hausa nan take. Attajirin fim sai ya zama Alhaji mai shinkafa, ɗan sanda ya yi magana kamar mutumin Kaugama. Mutane don Sabo suke zuwa, fim ɗin ƙari ne.

Yana da ƙa'ida guda da yake alfahari da ita: ba ya kallon fim kafin ya fassara. Ya ce in ya san ƙarshen labari muryarsa mutuwa take yi, gara ya razana tare da jama'a. Ni ma ba na kallo. Hoton gaban faifai nake dubawa in san kayana. Wannan karon hoton samari biyu ne, da amarya cikin jan sari, da wata uwa ta ɗora hannu a ka. Duk wanda ya tashi da finafinan Indiya zai rantse labarin abokai biyu ne da ke son yarinya ɗaya. Haka na rubuta a allon ƙofa.

Bayan la'asar aka fara, rumfa cike. Fim ne na barkwanci. Uwar tana da awarwaron zinariya da ta ajiye wa matar ɗanta, duk budurwar da ta gani sai ta kama hannunta ta gwada. Sabo ya sa mata suna Hajiya Mai Awo, ana ta dariya. Ɗan ya zo bikin ƙanwarsa da wani aboki. Ashe amaryar hoton ƙanwar ce. Wanda yaron yake so kuwa shi ne abokin.

Daga bakin ƙofa na ji muryar Sabo ta ɗan tsaya, na san ya gane kafin kowa. Na yi masa alama in kashe janareta, ya girgiza kai. Kashewa a tsakiya zai sa a tambayi dalili. Sai ya karkatar da labarin, ya mai da su aminan da iyaye ke son rabawa saboda abokin talaka ne. Ya yi ta rufe hoto da surutu, inda samarin suka cika kallon juna ya jefa wasa. Ya kusa tsira. Amma ido ba ya jiran fassara. Dariya ta fara raguwa daga benci na baya, na ga hasken wata waya an ɗaga ta sama.

Sai aka zo wurin da uban ya kori ɗan, uwar ta bi shi har tashar mota da awarwaron ƙulle a gefen mayafi. Nan Sabo ya daina wasa. Abin da ta faɗa shi ya faɗa, da wata murya da ban san shi da ita ba: ita ba ta gane wannan al'amari ba, kuma ba ta jin za ta taɓa ganewa, amma ita ta haife shi, ya dawo gida ya ci abinci. Rumfa ta yi tsit. Na kashe janareta.

Da mutane suka watse na ce masa, "Mutumina, ka yi ƙarya tun daga farko, me ya hana ka ƙarasa?"

Yana naɗe wayar makirfo ya ce, "Dillali, samarin kam zan iya yi musu ƙarya. Uwa ce take magana. Ba na sa wa uwa ƙarya a baki."

Ni ba malami ba ne. Hukuncin wannan abu a addininmu kowa ya san shi, Sabo ma ya san shi, kuma ba jayayya ta kawo ni shafin nan ba. Abin da na gani da idona nake faɗa. Babu wanda ya dake shi. Gaisuwa ce ta fara ƙarewa. Mai shayi ya riƙa ba shi kofi daban. A masallaci sai a bar tazara tsakanin kafaɗarsa da ta kusa. Dattawan unguwa suka kira mu, muka rantse kuskure ne, na rufe rumfar. Ni aka karɓi rantsuwata, don kowa ya san dillali ba ya buɗe kowane buhu. Shi kuwa muryarsa aka ji, kuma guntun da aka ɗauka a waya maganar uwar ce kaɗai, babu duk ƙoƙarin da ya yi kafin nan. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a zaman shi ne Malam Idi tela, wanda yana cikin rumfar ranar. Shi ya ce irin su Sabo ne ke lalata 'ya'yan mutane. Kowa ya san ɗansa na fari ya daɗe da barin gari saboda irin wannan raɗe-raɗin, amma babu mai ambata.

Mai gidan hayar ya nemi gidansa. Sabo ya kwashe iyali zuwa wani ƙauye a bayan Kirikasamma, na haɗa shi da masu sayen bandar kifi. Mutumin da ke sa rumfa guda dariya ya koma zama gaban hayaƙi yana juya tarwaɗa. Damina biyu ya yi a can. A ta biyun kogi ya cika, ruwa ya shanye hanya, zazzaɓi ya kama shi. Kafin a samu kwalekwalen da zai ratsa ciyawar kachalla da ta toshe ruwa ya fito da shi, rai ya yi halinsa.

A wurin zaman makoki na ga Malam Idi, da wani saurayi ramamme a bayansa. Ya zauna kusa da ni. Da zai tashi ya ce, "Alhaji, wannan ne babban ɗana. Uwarsa ta ji abin nan a waya, ta hana ni barci sai da na kira shi." Bai ƙara ba, ban tambaya ba. Har yau bai faɗi haka a gaban kowa ba, kuma ba sunansa na gaskiya na rubuta ba.

Ina yawan tunanin abin da Sabo zai ce da zamanin nan. Finafinan da aka kore shi a kan ɗaya daga cikinsu yanzu suna cikin aljihun yara, a wayoyin da ni nake sayarwa, babu mai fassara a tsakani da zai rufe wani abu ko ya tausasa shi. Zargi ma ya koma cikin wayar. A da sai an zauna gaban dattawa, mutum ya rantse, a ji ta bakinsa. Yanzu kafin ya ji labari an yanke masa hukunci a garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Da yau abin ya faru, ban tabbata da ƙafarsa zai bar garin ba.

Kuma abin bai mutu ba. A watan jiya wani yaro ya kawo waya gyara shagona, na ji muryar Sabo tana fita daga cikinta. An sake yaɗa guntun, an ɗora masa sabon rubutu, har da sunan ɗansa Aminu, wanda ya dawo Haɗejiya yana koyon walda kuma an sa masa ranar aure. Dangin yarinyar sun ce a ɗan dakata. Na san irin wannan dakatawar. Haka ruwa ke yi mana kowace shekara: ba ya zuwa da ƙara, sai dai ka wayi gari ka ga gindin katanga ya jiƙe.

Shi ya sa na rubuta. Ni na sayo fim ɗin, ni na rubuta allon, kuma na faɗi haka gaban dattawa tun ranar. Aminu yana sakandare lokacin.

In aka yi lissafi, ni rumfa na rasa, na kuma buɗe shago. Malam Idi ya samu ɗansa. Sabo ya rasa gari da sana'a da sahu, ya mutu a bayan ruwa, ribarsa kuwa tana zaune a gidan telan da ya kore shi. Allah ya jiƙansa. Abin da ya rage ba a rufe ba shi ne auren Aminu, kuma wannan yana hannun waɗanda guntun zai iso wayarsu a makon nan.